Ranar da Rahmatu Ta Hana Ƙarin Ruwa

Shekarar nan da damina tay yanke tun gero bai fidda kai ba, fara kuma taz zo ta lashe ɗan abin da yar rage, ita ce shekarar da mutane sunka koma cin anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. Maza sunka watse cin rani, wasu Ikko, wasu Fatakwal. Anka bar mata da tsofaffi da ƙananan yara, su kuwa yaran sai ramewa.

A wani ƙauye gabas da Unguwar Lalle akwai ɗan asibiti, ɗaki biyu da rumfa. Mutum biyu ka aiki cikinshi. Akwai Malam Na'Allah, dispensa, shekara ashirin da huɗu shina wurin, babu gidan da bai shiga da akwatin allura ba. Sai Rahmatu mataimakiyarshi, wadda tay yi makarantar lafiya shekara biyu.

To mutanenmu kun san su. In ba a rataya leda bisa ƙusa an soka allura ga jijiya ba, wurinsu ba a yi magani ba. Mai mara lafiya shi ka zuwa kemis shi sayo ledar ƙarin ruwa, shi riƙo ta a hannu kowa na gani, don a san bai yi rowa ba. Wanda ɗanshi yam mutu ba a sa mashi ruwa ba, har wurin gaisuwa sai an yi da shi.

Cikin wata guda yara biyu sunka mutu a hannun Rahmatu, ɗan Illo maƙeri da ɗiyar Ɗanmusa. Duka biyun an kawo su da zawo, sun rame sai ƙashi da fata, ido ya faɗa. Duka biyun ita tas sa masu ruwa kamar yadda anka koya mata. Kuma duka biyun, ledar ba ta kai rabi ba fatar idonsu ta kumbura, numfashi yak koma sama-sama, sai rai yay yi halinshi. Kowa yac ce kwana ya ƙare. Rahmatu ba ta musa ba, ita ma Musulma ce. Amma abin da yah hana ta sukuni, mutuwar iri ɗaya ce, kamar da awo.

Ta tambayi Malam Na'Allah. Yac ce, "Yunwa ce, ɗiyata. Yunwa ba ta jin magani."

Ta rubuta wa manya takarda tana roƙon a tura ta kwas. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Sai taj ji ga bakin wasu mata da sunka dawo daga Maraɗi cewa can an kafa rumfunan tamfol ana jinyar yara masu tamowa, kuma irin waɗanda anka fidda rai da su suna tashi. Rahmatu ba ta ƙara jiran kowa ba. Tak karɓi hutunta na shekara, ta hau bayan motar 'yan kasuwa bisa buhunan albasa, ta tsallaka Nijar.

Can babu wanda yas san ta, ba ta da takardar kowa. Kwana uku tana wanke kofuna da cokula ba a sa ta ba, kana wata nas, Madam Fatu, ta kira ta tat tambaye ta mi ta ka nema. Rahmatu tab ba ta labarin yaran nan biyu. Madam Fatu ba ta lallashe ta ba. Tac ce, "Zuciyar yaro mai tamowa kamar tsohuwar salka ce. Kinka ɗura mata ruwa da ƙarfi, fashewa za ta yi. Zo ki gani." Kwana goma sha ɗaya tana jan ta gado-gado tana nuna mata. Wannan alheri ne babba, kuma Rahmatu ba ta cikin masu mance wanda yay yi masu rana.

Kwananta shida da dawowa, da hantsi, sai ga motar Alhaji Sodangi a bakin rumfa. Alhaji Sodangi ɗan kasuwa ne mai fataucin hatsi, kuma shi yag gyara rufin asibitin bara, abin da ba ya barin kowa shi mance. Yas sauko da leda uku na ƙarin ruwa a hannu. Bayanshi surukarshi Bilki, matar ɗanshi da yat tafi cin rani, rungume da jikanshi Jibrilla, ɗan wata goma sha shida. Yaron ya yi ƙyanda, tun daga nan bai koma cin abinci ba, ga zawo kwana huɗu.

"Na'Allah! Ga jikana, ga ruwa. A sa mashi yanzu."

Malam Na'Allah yad dubi yaron, yaj ja fatar cikinshi, fatar tat tsaya ba ta koma ba. Yac ce, "Ruwan jikinshi ya ƙare. Rahmatu, miƙo allura."

Rahmatu tad durƙusa gaban Bilki. Tat taɓa hannun yaron, da ɗuminshi. Tad danna farcenshi, jini yad dawo nan take. Tal lalubi bugun jini ga wuyan hannu, shina nan, ana jin shi. Ta kaɗa yatsa gaban idonshi, yab bi yatsan da kallo. Tad danna bayan ƙafarshi da babban yatsa, wurin yal lotsa yat tsaya. Irin yaran nan biyu ne sak.

"Malam," tac ce a hankali, "wanga bai kai ga ƙarin ruwa ba. In anka sa mashi, za mu rasa shi."

"Mi kinka ce?"

"Tamowa ce. Fatar mai tamowa ko da ruwa ko babu haka ta ka tsayawa. Hannunshi da ɗumi, shina gani, zai iya haɗiya. Ta baki za a ba shi, kaɗan-kaɗan."

Alhaji Sodangi yad dubi Malam Na'Allah. "Wai wa ad dispensa a nan, kai ko ita?"

Kunnen Malam Na'Allah yay yi zafi. Ba mugun mutum ba ne, amma an taɓa shi gaban jama'a, ga mata cike da rumfa suna jiran awo. Yac ce, "Rahmatu, tun kina goye ni ka sa ruwa. Kin je Nijar mako biyu kin dawo likita? Ina takardar da sunka ba ki?"

"Ba su ba ni takarda ba, Malam."

"To miƙo allura."

Ba ta miƙa ba. Shi da kanshi yaj jawo tire, yaf fasa ledar allura, yar rataya ruwan bisa ƙusa. Yak kama hannun yaron shina neman jijiya. Rahmatu ta san kalma ɗaya daga bakin Malam Na'Allah ta isa a kore ta, ta kuma san Alhaji Sodangi ko ƙofar wa yab buga za a buɗe. Duk da haka tas sa tafin hannunta bisa hannun yaron, daidai inda allurar za ta shiga.

Malam Na'Allah yaɗ ɗago kai yad dube ta.

"Ɗauke hannunki."

"Malam, ka yi mani gafara. Ɗan Illo ni nas sa mashi. Ɗiyar Ɗanmusa ni nas sa mata. Kana tsaye, ka ga idonsu, ka ji numfashinsu. Ba yunwa ce tak kumbura masu ido cikin awa guda ba. Hannuna ne, don ban sani ba. Yanzu na sani. Na ukun ba za ni iya ɗauka ba."

Wata tsohuwa a rumfa tay yi salati. Kowa ya san matar Illo 'yar uwar rabin matan nan ce, kuma maganar za ta riga Rahmatu isa gida.

Alhaji Sodangi yab buga sandarshi ƙasa. "Kun ji ko? Da bakinta ta ce ta kashe biyu, kuma ita za ni ba jikana! Ke yarinya, so ki ke a ce Sodangi ya bar jikanshi ya mutu da cokali a baki, ga ruwa rataye? Bilki, tashi. Asibitin Sabon Birni za mu."

"Alhaji, jikin nan ba ya ɗaukar hanya da ranar nan ba komi cikinshi," in ji Rahmatu. "Ku ba ni zuwa la'asar. In hannunshi yay yi sanyi, ko yad daina gani, ni da kaina za ni sa ruwan, don a nan ne ya ka amfani, shi ma da awo. In bai kai nan ba, ku bar ni."

"Na ce ki tashi, Bilki."

To Jibrilla ɗan fari ne ga Bilki. Ko sunanshi ba ta faɗi, ko kallonshi ba ta yi gaban mutane. Shi kuwa Alhaji surukinta ne, tun da anka kawo ta gidan bai taɓa jin muryarta sama da gaisuwa ba. Kanta na sunkuye cikin mayafi. Ba ta tashi ba. Sai anka ji murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ina nan ranar ɗiyar Ɗanmusa. Na ga idonta." Kana tac ce, "A bar mata shi."

Alhaji yat tsaya baki buɗe. Yad dubi Malam Na'Allah, shi kuwa allura na hannunshi, shina kallon ƙafar yaron inda yatsa yal lotsa. Can yam mayar da allurar cikin tire.

"Zuwa la'asar," in ji Malam Na'Allah. "In abin ya ɓaci, Rahmatu, ba ni da bakin kare ki."

"Na ji, Malam."

Ta fara da ruwan sukari, cokali-cokali. Tas sa Bilki ta kwance zane ta manna yaron ga ƙirjinta ta lulluɓe shi. Matan rumfa sunka hau gunaguni, wai a zafin nan za a dafa yaro. Rahmatu tad dama ruwan gishiri da sukari, amma ta tsinka shi da ruwa ninki biyu ta ƙara sukari, yadda Madam Fatu tan nuna mata. Tab ba shi maganin kashe ƙwayar cuta. Ta cire agogonta ta aje bisa benci.

Cokali na huɗu yay yi amai, duk ya dawo.

Alhaji, da ke zaune bisa kujera bakin ƙofa, yam miƙe. "Kun gani!"

"Za mu jira kaɗan mu sake," in ji Rahmatu. Tad dubi agogo, minti goma. Tas sake, wannan karon rabin cokali, ta gefen baki. Yah haɗiye. Tas sake.

Haka anka yi ta yi. Duk rabin awa sai ta ƙirga numfashinshi, ta taɓa hannu, ta ɗaga fatar ido ta duba. Inuwar rumfa tat tattare ta koma ƙarƙashin ƙafa. Anka kira azahar, Alhaji yay yi sallarshi nan bakin ƙofa, bai yarda shi je masallaci ba. Zawo yas sake zuwa sau ɗaya. Bilki tad dubi Rahmatu, Rahmatu tac ce, "Ci gaba da riƙe shi."

Bayan azahar yaron yal lumshe ido, kanshi yal langaɓe.

Bilki tay yi wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Alhaji yaf faɗo ɗakin. Malam Na'Allah yak kai hannu ga tire. Rahmatu tar riga su, tak kama wuyan hannun yaron. Zuciyarta na bugu har ba ta bambance nata da nashi. Tar rufe ido tan natsu. Ga shi nan, ɗaya, biyu, uku, bai yi sauri ba, bai raunana ba. Hannu da ɗumi. Tam murza tafin ƙafarshi da ƙarfi.

Jibrilla yab buɗe ido, yay yamutsa fuska, yas saki kuka. Kuka sosai, na wanda anka tasa daga barci.

"Barci ne," in ji Rahmatu. Sai a nan taz zauna ƙasa daɓas.

Malam Na'Allah yad duƙa, shi ma yat taɓa hannun, yad daɗe shina ƙirgawa. Yac ce, "Ya fi na safe ƙarfi."

Kafin a kira la'asar yaron ya jiƙa zanen uwarshi da fitsari, wanda rabonshi da yi tun jiya. Rahmatu tad dama madara tsararo, da ɗan sukari da ɗigon mai, tak kai bakinshi. Yas sha, har ya biyo cokalin da baki.

Da ladan yak kira la'asar, Alhaji Sodangi yat tashi yak kaɗe riga. Bai dubi Rahmatu ba. Yac ce wa Malam Na'Allah, "Mi za a kawo?"

Malam Na'Allah yaj juya. "Rahmatu, mi za a kawo?"

"Madarar gari, sukari, man gyaɗa, da bargo. Kuma ba za shi gida ba sai kumburin ƙafa ya saɓe. Duk awa biyu sai an ba shi."

Kwana goma sha tara Jibrilla yay yi a ɗakin nan. Ranar da anka sallame shi, shina goye shina gwaguyar ƙuli-ƙuli, wanda yam miƙa hannu sai shi ƙwala ihu. Alhaji Sodangi ya aiko mota an ɗauke su. Shi kanshi bai zo ba, kuma har yak koma ga Allah bai taɓa ce wa Rahmatu sannu da aiki ba.