Kakannina a Cikin Turmi

Ranar da na dawo ƙauyenmu na wajen Gangara da cokalin magina da tsohon buroshin haƙori, na ce zan tona kufan gidanmu, mutane suka kasu biyu. Wasu suka ce karatu ya taɓa ni, wasu suka ce dama can haka nake. Ni Zuhaira, ni kaɗai ce 'yar gidanmu da ta kai jami'a a Zinder, kuma abu ɗaya ya rage a ba ni takardata: in rubuta littafin kammala karatu a kan yadda gidajen yankinmu na Damargu suka rayu a zamanin Nasara, in tsaya gaban malamai in kare shi. Dakta Rissa, malamin da ke duba aikina, ya gaya mini tun farko cewa ba ya karɓar hoton waya. Duk abin da na tono in kawo ya taɓa da hannunsa, in ba haka ba mu haɗu baɗi.

Kufan yana bayan gari, inda kakanninmu suka zauna kafin a taso kusa da rijiya. Can na yi bazara a durƙushe. Mata masu zuwa ɗibar ruwa sukan tsayar da jakunansu su tambaye ni ko na samu zinariyar. Samarin fada masu zaman shan shayi suka raɗa mini suna Madmazel Bola. Rana ta mayar da ni kalar gindin tukunya, kunama ta gaishe ni a yatsa, ban fasa ba.

Tsingaro kuwa ya yi mini magana. Na samu tukwanen da aka huda aka ɗinke bayan sun tsage, alamar gidan da ba ya yar da komai. Na samu manyan kasake irin na jiƙa anza, abincin shekarar yunwa. A inda ɗakin kwana yake, na tarar da bakin wata randa a binne, da ɓurɓushin ƙaiƙayi a cikinta. Tsofaffi sun sha faɗin yadda ake ɓoye gero in dogaran kumandan, Baturen mulki, sun zo karɓar hatsi, to ga shi a hannuna. Daga ƙarshe na tsinci ɓallin farantin tangaran, fari mai shuɗin baki, shi kaɗai tilo.

Wannan ɓalli shi ya tayar da Baba Barmo, yayan mahaifina. Tun ina yarinya yake cewa kakansa ya ci abinci faranti ɗaya da kumandan, ba mai yarda. Da ya gani sai ya karɓe, ya naɗe a hankici, ya sa aljihu. Na nuna masa cewa gefen ya goge ta waje ɗaya, mata ne suka yi ta kankare ƙanzo da shi. Ya ce ni yarinya ce, ban san cin manya ba.

Sauran tsingaron na wanke, na ware kashi-kashi, na shanya a kan tabarma a bayan rumbu. Sai na tafi Tanout in sa wa wayata caji in aika wa Dakta Rissa albishir.

Da na dawo, tun daga ƙofar gida na ji daka. Ba irin ƙarar dakan gero ba ce. Na leƙa bayan rumbu, tabarma fayau. A tsakar gida ga Goggo Dado, ƙanwar kakana, maginiyar tukwane, tana luguden taɓarya tana waƙa.

A wurinmu ba a gina tukunya da yumɓu zalla. Sai an daka tsohon tsingaro an gauraya, in ba haka ba ta fashe a wuta. Goggo ta daɗe tana kukan cewa robobi sun sa tsingaro ya yi wuya. Ta ga nawa a wanke, a shanye, har an ware mata masu kauri da masu laushi.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Suna cewa kin haukace, ni na ce musu Goggonta take yi wa hidima."

Na ce, "Goggo, kakanninmu ne kika daka."

Ta leƙa turmin ta ce, "To, sun daku kuwa."

Na shiga ɗaki na kwanta, ban ci tuwo ba. Labari ya zaga gari kafin la'asar. Samarin fada suka aiko a yi mini ta'aziyya. Matar liman ta ce ai sai in koma in tono wasu, kamar gujiya ce. Goggo kuma, da ta gane abin da ya faru, ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ce in dai shaida malamin ke so, za ta gina mini randa da garin, in kai masa su duka wuri ɗaya, ya fi sauƙin ɗauka.

Na so in yi fushi, sai na tuna wani abu da na rubuta tun a kufai. A karyayyen gefen kowane tsingaro da na tono akwai jajayen ƙwayoyi, garin wasu tukwanen da suka riga shi. Ashe abin da Goggo ta yi mini, kakarta ta yi wa wani. Na tashi na ƙara babi guda a littafina, na ce mata ta gina.

Randar ta fito ja, ƙatuwa, mai ƙara kamar ƙarfe. Goggo ta kafa mini sharaɗi ɗaya: in ta fashe, in dawo mata da tsingaronta.

Tafiya Zinder ita ce babbar jarrabawa. Direba ya ce a ɗora ta saman mota tare da awaki, na ƙi. Na rungume ta a cinya tun daga Tanout, ban ga hanya ba, ban ga kowa ba. Wata tsohuwa ta tambaye ni ina ne gidan mijin. Wani ya jefa ɓawon gujiya a ciki. A gefena ga Baba Barmo cikin babbar rigarsa ta Sallah, don ya rantse farantin kumandan ba zai shiga jami'a ba sai da mai shi.

A zauren, malamai uku suna zaune bayan tebur. Na yi bayanina tsaf. Da na gama, Dakta Rissa ya dubi randar, ya dube ni.

Ya ce, "Madmazel, na ce ki kawo tsingaron zamanin Nasara. Wannan ko ruwa ba ta taɓa sha ba."

Na ce, "Suna ciki, Malam."

Ya tambaya yaya zai gan su. Na ɗaga ta har ƙirji, na sake ta a kan siminti.

Malamar da ke tsakiya ta ɗauke ƙafafunta. Ni kuwa na zaɓi gutsure mai kauri, na kai musu tare da bayanin abin da na gani a kufai. Dakta Rissa ya sa tabarau, ya karce jajayen ƙwayoyin da farce, ya daɗe yana juya shi. Ya ce shekaru yana mamakin yadda kufaifan Damargu ba su da tsingaro da yawa, ashe mata ne ke riga shi zuwa.

Nan Baba Barmo ya miƙe ba wanda ya kira shi, ya kwance hankici. Dakta Rissa ya shafa gefen farantin da ya goge, ya ce babu shakka da wannan aka yi ta kankare ƙanzo. Baba ya juyo wurina yana murmushi.

"Kin ji ko? Kumandan har ƙanzo ya ci a gidanmu."

Suka ba ni takardata. Mai shara ya shigo da tsintsiya, na tare shi, na durƙusa cikin sabon ɗinkina na tattara komai a ɗankwali. Dakta Rissa ya roƙi gutsure ɗaya ya ajiye a ofishinsa. Na ce ba nawa ba ne, sai ya je Gangara ya tambayi Goggo.