Jiminar Alhaji Ɗahiru

Bakin Sahabi ne ya jawo masa. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha ya tsiri yabon duk abin da ya gani a gidan manya, ko da buta ce. Abincinsa kuwa a hannun mutum ɗaya yake, Alhaji Ɗahiru na Tsafe, mai ba shi jigilar hatsi, shi kuma Sahabi ya yi dako a tsohuwar akori-kurarsa. In Alhaji ya juya masa baya, tukunyar gidansa ta sauka ke nan.

Wata rana ya je lodi, sai ya tarar da jimina a harabar gidan Alhaji tana taƙama kamar ita ta gina shi.

"Masha Allah! Alhaji, wagga tsuntsuwa ai sai gidan manya."

"Ta burge ka? Na ba ka."

Da mai lura ne, da ya ga igiyar ɗaure ta a shirye take, da kuma ya ji guɗar da aka rangaɗa daga cikin gida. Ina! Gogan naka bai tambayi abin da take ci ba, bai tuna tsakar gidansa na Tudun Wada ko shanya sai da dabara ba, balle ya shawarci matarsa Hajara. Ya ɗoro ta bisa buhuna yana ta washe baki.

Jimina ta fara da geron gida, ta bi da 'yan tsakin Hajara, da sabulu, da cokula. Ta harbi ɗan garuwa, ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba. Masu sayen ƙuli-ƙulin Hajara suka ɗauke ƙafa. Makullin mota ma ta haɗiye shi, Sahabi ya koma tayar da akori-kura da waya kamar ɓarawo.

"Malam, ka yanka ta ko ka sai da ta," in ji Hajara.

"Kyautar Alhaji? So kike shi ji shi hana ni lodi? Mi za mu ci?"

"Yanzu mi muke ci? Ai ita ka ci."

Sahabi ya yi shawarar haƙa wa wani ramin da ya faɗa. Ya gayyato surukinsa Malam Rabi'u daga Bungudu, ya shimfiɗa masa tabarma daidai inda jimina take. Ashe labari ya riga shi isa can. Malam Rabi'u ya yabi fura, ya yabi tabarma, har katanga sai da ya yaba.

"Malam, ba ka ga tsuntsuwa ba?"

"Na gan ta. Allah shi ba ka haƙuri."

Da kaka ta yi, sai ga Alhaji Ɗahiru da kansa a zauren Sahabi. Bayan gaisuwa ya ce, "Ina mutuniyar?"

Hajara ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa, irin wanda ko kurma zai fahimta. Sahabi ya ji ta sarai, zuciyarsa kuma cike take da tsanar tsuntsuwar nan. Amma ya hango buhunan gero jibge a Tsafe suna jiran mota, sai tsoro ya rinjaye shi.

"Alhaji, ai ta zama ɗiyar gida. In ba mu gan ta ba, ko tuwo ba mu iya ci."

"Madalla! Ka sanyaya min rai. Dama kunyarka nike ji, don na sawo mota tawa, bana ba ni buƙatar mai jigila. Amma ba ni barin ka hannu wofi. Mijinta na nan waje cikin mota, a shigo da shi."

Sahabi ya buɗe baki, abin da ya saba fitowa shi ya fito.

"Allah shi saka da alheri, Alhaji."

Daga cikin gida ya jiwo Hajara tana haɗa kwanukanta.