Baƙon Jabiru

Malam Isyaku ya laɓe bayan kuka har saurayin ya kama hanyar Durba da fartanya a kafaɗa. Fartanyar Malam ɗin ce, daga zaure aka ɗauke ta bayan asuba.

Tun da ɗansa Jabiru ya dawo Kibiya hutu daga jami'a tare da wannan baƙo, Terver, ɗan Binuwai, hankalin Malam bai kwanta ba. Ɗakinsu ɗaya a makaranta, in ji Jabiru. To, me ya hana shi tafiya gidansu? Ga shegen tambaya: gonar wa ce wannan, shanun wa ne waɗancan? Jiya ma a majalisa Shitu mai shayi ya ce, "Malam, a sa ido. Irin waɗannan ne ke kai wa masu satar mutane rahoto."

Malam ya bi sawun Terver har bayan gari, yana jiran ya ga ya ciro waya. Sai Terver ya tuɓe takalmi, ya shiga cikin masara, ya duƙa noma.

"Kai! Wa ya aiko ka?"

Terver ya zabura, sannan ya rusuna. "Ina kwana, Baba. Ba wanda ya aiko ni."

"Me kake nema a garin nan? Faɗa mini gaskiya."

Saurayin ya share zufa. Hausarsa a karye take, amma ana gane ta.

"Muna da gonar doya, Baba. Tun da aka kai hari ƙauyenmu ba mai iya taka ta. Mamana tana sansanin gudun hijira, ba wurin da zan kwana. A makaranta kullum muna gardama da Jabiru. Shi ya ce jin daɗin duniya ofis ne a Abuja da mota, ba zai ƙara riƙe fartanya ba. Ni na ce in dai zan farka in ga gonar babana, ya ishe ni."

Jabiru bai taɓa faɗa wa Malam wannan ba. Kullum cewa yake zai dawo ya kawo musu noman zamani. Yanzu haka ma yana can ɗaki yana barci.

Malam ya dubi kunyar da Terver ya nome. Tas take, ko tushen masara ɗaya bai sara ba.

"Gonar maƙwabcina kake nomewa," in ji Malam. "Ɗauko takalminka. Tamu tana gaba."