Vendel Mai Fito da Furen Tisza

Jolán ta zare matashin daga ƙarƙashin kan tsoho Vendel a hankali, ta tallabe ƙeyarsa da tafin hannunta har ta sauke shi a kan katifa.

"Gwaggo Jolán, me kike yi haka?" in ji Gizella, 'yar tsohon, wadda ta zo daga Budapest jinyar ubanta. "Ai wuyansa zai yi ciwo."

"Gashin agwagwa ne a ciki, 'yar nan. Rai ba ya fita da sauƙi a kan gashin tsuntsu. Kama mini ƙafafunsa."

"Ina za mu kai shi?"

"Ƙasa. Ƙarƙashin babbar azara."

Gizella ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta tuna haka aka yi wa kakarta a cikin wannan ɗakin. Ta shimfiɗa bargo a tsakar ɗaki, daidai inda gungumen da ke ɗauke da rufin gidan ya ratsa. Suka ɗaga shi. Bai fi nauyin damin kara ba, mutumin da a da yake jan jirgin fito shi kaɗai, da keken doki biyu a ciki.

Jolán maƙwabciyarsa ce, shingen katako kawai ya raba lambunansu. A ƙauyen nan na bakin kogin Tisza ita ake kira in wani ya zo gargara. Ita ke rufe ido, ta ɗaure haɓa, ta lulluɓe madubi, ta buɗe taga. Likita ya riga ya zo ya ce zuciyar Vendel ta gama aikinta. Limamin coci ma ya zo ya yi masa addu'a ta ƙarshe. Tsohon ya daina ci, ruwa sai dai a jiƙa masa leɓe, amma ya ƙi tafiya.

Suna ajiye shi ya buɗe ido ɗaya.

"Maƙwabciya, kin gaji da ni ke nan?"

"Na gaji da jin nishinka ta katanga. Kajina ma sun daina ƙwai."

"Kajinki tsufa ne ya kama su, irin na mai su." Ya ja numfashi mai tsawo. "Ba matashi ba ne ya riƙe ni, Jolán. Kogi ya yi fure?"

Tambayarsa ke nan kowace la'asar, kuma babu wanda bai san dalili ba. A hunturun da ya wuce guba ta ɓalle daga wata mahaƙar zinariya a ƙetaren iyaka, ta gangaro cikin Tisza. Kifaye suka taso sama da fararen cikkuna, har da manyan da ba a taɓa sanin suna cikin kogin ba. Masunta suna kwasa da cebur suna kuka. Mutane suka zo daga birane da baƙaƙen tutoci, suna jefa furanni a ruwa kamar ana jana'iza. Vendel ya tsaya a kan jinga, dogon tudun da ke tare wa ƙauye ambaliya, cikin ƙanƙara, hula a hannu, har yamma. Da ya koma gida ya kwanta, bai sake tashi da ƙafarsa ba.

Abu guda ya rage da ba a sani ba. Tsutsar ƙwaron da ake kira furen Tisza shekara uku take yi cikin ramuka a lakar gaɓar kogi, sannan a tsakiyar watan Yuni ta fito da fukafukai, ta saɓe ɓawonta, ta rayu yammaci ɗaya. In guba ta bi ta har cikin raminta, to kogi ya mutu da gaske. Ga shi lokaci ya yi, har ya fara gotawa.

"Bai yi ba tukuna," in ji Jolán.

Gizella ta jawo ta zuwa madafa, ta rage murya. "Gwaggo, mu ce masa ya yi mana. Wahalar ta isa haka."

"Ubanki ne. Gwada."

Gizella ta fita, ta ɗan jima a bakin titi, sannan ta shigo da sauri. "Baba, ya yi! Kogi ya cika fal, ba a ganin ruwa!"

Tsohon ya daɗe yana dubanta. "Matso, Gizi." Ta durƙusa. Ya kalli gashinta, ya kalli kafaɗunta. "Duk wanda ya tsaya bakin Tisza ranar fure sai ya dawo da ɓawonsu a jikin riga. Taki tas take. Ba ki iya ƙarya ba, uwarki ce ta iya."

Gizella ta fashe da kuka, ta kifa kanta a ƙirjinsa.

"Daina, daina. Tafiyar ba ta dame ni ba," in ji shi. "Amma daga hannun ubana na karɓi fito, shi ma daga hannun nasa. In na isa can zai tambaye ni yadda na baro kogi. Me zan ce masa? Ban sani ba?"

Daga ranar, kullum la'asar Jolán sai ta ɗaure ɗankwali ta hau jinga, ta tsaya tana duban ruwa. Ruwa yana tafiya abinsa, ja-ja, sumul. Ta dawo ta girgiza kai daga bakin ƙofa, tsohon ya rufe ido. Ita da ta saba rakiyar masu tafiya, ba ta taɓa samun wanda dabararta ta kasa sauƙaƙa masa ba sai shi.

Ran wata Alhamis aka wayi gari da zafi, babu iska ko kaɗan. Da la'asar tana hawan jinga sai ta ga shamuwar da ke sheƙa a kan bututun hayaƙin makaranta ta wuce ta samanta, ta nufi kogi. Wata shamuwar ta bi bayanta. Sai ta ji kukan tsuntsaye, da yawa, kamar kasuwa. Ta ƙara sauri, gwiwoyinta suna ƙara.

Da ta kai sama sai ta dafe ƙirji.

Fuskar ruwan tana tsattsagewa ko'ina, kamar ana yayyafi daga ƙasa. Daga kowace tsaga wani abu mai ruwan ɗorawa yake fitowa, ya miƙe fukafukai, ya tashi. Sun riga sun rufe rassan itatuwan gaɓa. Ɗaya ya sauka a hannun rigarta, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, da dogayen jeloli biyu sirara kamar zare. Ta kai hannu za ta kama shi ta kai wa tsohon a cikin ɗankwali. Sai ta sake duban kogin, ta janye hannun. Ƙwaro ɗaya ba labarin kogi ba ne.

Rabonta da gudu tun babbar ambaliya, amma ranar ta yi. Ta jawo amalanken da take ɗaukar kabewa daga lambu, ta tsayar da shi a ƙofar Vendel.

"Gizi, kawo barguna! Har da matashin, yanzu ba ruwanmu da gashin tsuntsu."

"Gwaggo, zai mutu a hanya!"

"A ɗakin ma me yake yi?"

Vendel ya ga ɓawon da ke manne a kafaɗarta. Ya ɗaga mata hannuwa biyu kamar jariri.

Suka tura shi ta titin coci. Masu zama a bencin ƙofar gida suka miƙe, wasu suka sa hannu a amalanke, ba wanda ya tambayi ina za a. A gindin jinga maza suka ɗaga amalanken gaba ɗaya suka haura da shi, suka gangara har mashiga.

Dezső, wanda ya gaji aikin fiton, ya riga ya kawo jirgi bakin gaɓa ya sauke ƙofar da motoci ke hawa. Akwai motoci suna jiran a haye da su, ya ɗaga musu hannu su dakata.

"Kawu Vendel, shigo. Jirginka ne."

"Jirgina ba ya tsatsa haka," in ji tsohon, da ƙyar ake jin muryarsa. "Ka daina shafa masa mai ne?"

"Gobe zan shafa, Kawu."

"Haka ka ce bara."

A tsakiyar kogi Dezső ya kashe inji. Jirgi ya tsaya a jikin igiyarsa da ta ratsa kogi, ruwa na wuce shi ta ƙasa.

Jolán ta ga fure sau da yawa a rayuwarta, amma daga gaɓa. Ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Ta duba sama da kogi, ta duba ƙasa da shi, ba ta ga ƙarshensu ba. Sun taso har tsayin mutum a kan ruwa, suna juyawa, rana mai gangarawa ta shiga cikin fukafukansu, kogin duka ya koma kamar gonar alkama da iska ke kaɗawa. Ga wata ƙara siririya, kamar ana shiƙar hatsi daga nesa. Sai kuma ruwa ya fashe kusa da jirgi, wani kifi ya yi tsalle ya cafke ɗaya. Wani ma ya yi daga can.

"Kifi!" Dezső ya yi ihu, muryarsa ta karye. "Kawu, akwai kifi!"

Ya cire hularsa. Mazan da ke gaɓa ma suka cire nasu. Direbobin motoci suka fito suka tsaya.

Gizella ta zauna a bakin amalanke ta jingina kan ubanta a kafaɗarta. Idanunsa a buɗe tar, sun fi na kowa a wurin.

"Jolán."

"Ga ni, maƙwabci."

"Laka ce ta ɓoye su. Can ciki suka shige, suka jira."

"Haka ne."

"Kai, jama'a," in ji shi. "Dubi yawansu."

Ya ci gaba da kallo. Suna sauka a bargonsa, a gashin Gizella, a ƙarfen jirgi. Jolán ba kogi take kallo ba yanzu, jijiyar wuyansa take kallo. Ta ga tana bugawa a hankali, tana tsallake, tana dawowa. Can ta daina.

Gizella ba ta lura ba, tana nuna masa wani gungu da ya nufi sama da kogi. Jolán ta ɗaga hannu za ta rufe masa ido, sai ta tsaya, ta mayar da hannun cikin aljihun rigarta. Rana ba ta faɗi ba tukuna.

Wani ƙwaro ya sauka a bayan hannun tsohon, ya kafa ƙafafu tsakanin jijiyoyi. Ya yi rawar jiki, bayansa ya tsage, ya zame daga cikin fatarsa a hankali, har jeloli suka fito. Ya ɗan tsaya fukafukansa suka bushe, sannan ya tashi ya shiga cikin sauran. Farin ɓawon ya zauna a hannun, yana ɗan motsi da iskar ruwa.