Sanarwar Ƙarfe Goma da Kwata

Shekara talatin ta yi tana sanarwa a tashar jirgin ƙasa, shi ya sa har bayan ta yi ritaya yaro da babba Goggo Lasifika suke ce mata. Ɗakin aikinta ɗan tsukut ne a saman bene: tebur ɗaya, kujera mai gurguwar ƙafa, sai taga mai kallon layin dogo. Ta wannan tagar ta yi wa mijinta ganin ƙarshe. Mai duba tikiti ne, mutum mai surutu kamar an kunna rediyo an manta. Ya ɗaga mata hula, ya shige taragon baya, jirgin ƙarfe goma da kwata ya tashi. Kafin rana ta raba, gadar babban kogi ta karye da su. Mutum ɗari huɗu da ɗoriya suka tafi, ƙasa gaba ɗaya ta ɗauki makoki.

Bana shekara ashirin da biyar cif. Sabon shugaban tasha ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, za a yi shiru na minti ɗaya a duk faɗin ƙasa, sannan manyan baƙi su yi jawabi. Muna roƙon ki zo ki sanar da fara shirun, da muryar da mutane suka sani."

Ƙanin mijinta, tsohon makanikin jirgi, yana zaune a gefe yana shan shayi. Ya ja tsaki.

"Jawabi kuma? Bara wani ya kwashe awa guda yana zuba, sunan gadar ma bai faɗa daidai ba. Ni a ɗaki zan zauna in yi wa yayana addu'a. Ita ce ke isa gare shi."

"Kai dai ka ce gwiwa ta hana ka fita," in ji Goggo.

"Ji mai magana! Ke da sai an tura ki za ki hau benen?"

Bayan baƙo ya tafi, 'yarta ta zo kwashe kofuna. Ma'aikaciyar jinya ce yanzu, amma shekararta biyu lokacin da abin ya faru.

"Mama, ni fa duk shekara tsayawa nake yi kamar baƙuwa. Ana cewa a tuna, a tuna. Ni me zan tuna? Hoto ɗaya na sani, shi ma ya ɗaure fuska a ciki."

Goggo ta yi ta juya maganar a ranta. Mutumin da bai taɓa minti biyar bai yi dariya ba, wai 'yarsa ta san shi da ɗaure fuska.

Ranar taron ta hau benen tana hutawa a kowace matakala ta uku. An sake fenti, an kawo kujera mai juyawa, amma tagar tana nan. Ta leƙa. A da, war haka dandamalin ya cika da hayaniya: masu dako na ihun a ba da hanya, uwaye na ƙirga 'ya'ya, warin baƙin mai ya gauraya da ƙamshin lemun da ake ɓarewa. Yau rumfuna ne da fararen kujeru, jama'a sun yi tsit tun ba a ce su yi ba.

Goma da kwata na cika, ta matsa kusa da makirufo ta sanar. Aka yi shiru. Da minti ya cika, maimakon ta kashe, sai ta gyara murya.

"Jama'a, ku yi mini haƙuri kaɗan. A jirgin nan akwai wani mai duba tikiti, mijina ne. In fasinja ya yi barci, ba ya taɓa shi, sai ya tsaya a kansa yana rera sunayen tashoshi da wata murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, har sai mutum ya farka don dole. Kuma ƙato guda, amma tsoron kaza yake ji. Wata rana kazar wata tsohuwa ta kwance a tarago, sai a saman kujera aka same shi. 'Yarsa tana cikinku, ina so ta san wannan."

Wani ya fashe da dariya a ƙasa, ya yi sauri ya toshe baki. Sai wata ma ta kama. Can wata dattijuwa ta tashi ta nufi makirufon da aka ajiye wa manyan baƙi, ta ce ƙanwarta ɗinki ta tafi koyo, kuma duk rigar da ta taɓa ɗinkawa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kafin ta zauna layi ya kafu. Wasu suka ba da dariya, wasu kuka ya ƙwace musu a tsakiya, na bayansu ya dafa su. Shugaban tasha ya yi ta duba agogo yana share gumi. Babban baƙo ɗaya ya tattara takardunsa ya tafi rai a ɓace, sauran suka zauna har ƙarshe.

Da Goggo ta sauko, sai ga ƙanin mijinta jingine da ginshiƙi, idonsa ja wur.

"A'a, ina ɗakin addu'ar?"

"Na yi abata tun safe, kuma har gobe ita ce gaba," ya ce. "Na zo ne in ji ƙaryar da za ki yi wa yayana. Ba kaza ba ce, agwagwa ce. Ina wurin."

'Yar Goggo ta matso ta riƙo hannunsa. "Baba ƙarami, to da ya hau kujerar, wa ya sauko da shi?"

Ya ce labarin da tsawo, a samo masa wurin zama tukuna. Suka samu benci a inuwa, su uku, ba su tashi ba sai da jirgin yamma ya shigo.