Gishirin Vandi

Ana gab da zaɓen 'yan majalisa na 1964 wata mota ta tsaya a ƙofar gidan Vandi a Betso, aka sauke buhun gishiri. Direban ya ce ɗan takara ne ke gaishe shi, ya ja motarsa ya tafi. Vandi dattijon coci ne, kuma a unguwarsu abin kunya ne alheri ya shigo gidanka ka ci kai kaɗai. Sai ya sa matarsa Salomi ta ɗauki ƙoƙo ta bi gida-gida tana rabawa. Bawan Allah, ko sunan mai gishirin bai riƙe ba.

Ɗan takarar ya ci, wanda ya faɗi ya kai ƙara cewa an sayi ƙuri'u. Aka turo mai bincike daga Kaduna, Malam Kalibu, ya zauna a Mubi yana kiran shaidu. Mutum ne mai gaskiya, ban musa ba, amma tambaya ɗaya ya iya.

"Wa ya ba ka gishiri?"

"Vandi ne," in ji Tizhe, maƙwabcinsa, har da murmushi. "Matansa ya kawo mana har gida. Mutumin kirki, ranka ya daɗe."

Haka kowa ya faɗa, a ganinsu yabonsa suke yi. Direba kuwa babu wanda ya gan shi, don ranar duk suna girbin dawa a hayin kogi.

Da aka zo kan Vandi, Malam Kalibu ya ce, "Baba, kai ka raba?"

"Ni na raba. Da ɓoyewa zan yi in ci ni kaɗai?"

Maganar ta je gaban alƙali, aka ɗaure Vandi. Ɗan majalisa yana Legas abinsa, ko kiransa ba a yi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Washegari Salomi ta fito ta tarar da ƙoƙuna jere a ƙofar gida, kowa ya dawo da ragowar gishirinsa. Tizhe na tsaye, ya kasa ɗaga ido.

"Mama, ga shi mun dawo da shi duka. Yanzu za su sake shi, ko?"

Ta daɗe tana kallon ƙoƙunan, hawaye na zubo mata.

"Ku ɗauka ku sa a miya," ta ce. "Shi ya ba ku."

Ta saɓa fartanyar mijinta ta nufi gona ita kaɗai.