Ƙafar da Muka Ɗaure da Roba

Ni da kawuna muke faci a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Wata safiya na zagaya baya ɗauko tsohuwar taya, sai na tarar da kare kwance a cikinta, ya dunƙule kamar tsumma. Akwai guntuwar igiya a wuyansa, alamar dā yana da masu shi. Ƙafarsa ta baya ta karye, sai reto take yi. Bai yi haushi ba, ido kawai ya zuba mini.

"Kawu, zo ka ga baƙo."

Kawu ya leƙo, ya girgiza kai. "Mota ce ta buge shi. Kai dai ba ka rabo da kwashe-kwashe."

Amma shi ne ya tsaga katako ya fitar da 'yan sanduna biyu. Na rufe wa karen fuska da buhu, muka miƙe ƙafar a hankali. Da aka zo ɗauri, ba wanda ya tsaya shawara. Mu masu faci komai da tsohuwar robar taya muke ɗaure shi, daga kaya a bayan babur har tiyo mai yoyo. Na yanko mai tsawo, Kawu ya ja ya naɗe.

"Ja da kyau, Baba," in ji maƙwabcinmu mai walda, yana dariya. "Kada iska ta fita."

Na zuba wa karen ruwa a gindin jarka, ya sha, na koma aiki. Kafin rana ta yi tsaka ya fara wani kuka ƙasa-ƙasa, yana cizon robar. Kawu ya ce ciwo ne, dole ya yi kuka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na tsuguna na taɓa yatsun ƙafar. Sun kumbura, sun yi sanyi kamar ƙarfe.

Na ari baron mai walda, na ɗora karen a ciki, na tura shi har wurin likitar dabbobi, wata dattijuwa mai tabarau. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta sa almakashi ta datse robar.

"Aikin wane ne wannan?"

"Namu ne, Likita. Faci muke yi."

"Na ga alama." Ba ta yi faɗa ba. Ta ce roba ba ta daina matsa abin da ta kama, ta hana jini wucewa. Ta gyara karayar, ta naɗe da bandeji, ta bar yatsun a waje. "Ka riƙa taɓa su. In ɗumi bai dawo ba, ɗana, sai dai a yanke ƙafar."

Muka dawo, na faɗa wa Kawu. Ya tashi ya janye injin iska zuwa can ƙarshen rumfar, don ƙararsa tana firgita karen. Kullum da safe, kafin ya tambayi lafiyata, sai ya ce, "Yaya yatsun?" In ce, "Da sauƙi, amma ban tabbata ba." Hannuna ya yi kanta da aiki, ba na iya bambance ɗumi sosai, sai na koma gwadawa da bayan hannu. Karen yakan bar ni, yana kallona, wani lokaci ya kaɗa jela.

Ranar komawa wurin likita, Kawu ya rufe rumfar, abin da ban taɓa gani ba, ya karɓi baron daga hannuna.

"A gaida majinyaci," in ji mai walda.

Likita ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan na gefe, wanda ya yi baƙi, ta ce wannan kam ya tafi. Sannan ta kama na tsakiya ta mintsina da ƙarfi. Karen ya fizge ƙafar, ya kai mata cizo, da kyar ta tsira da hannunta.

Ta gyara tabarau tana murmushi. "Ya ji. Ƙafar tana nan."

Kawu ya nemi benci ya zauna. Sai can ya ce da ni, "Tambaye ta me ya kamata ya riƙa ci."